Bob Marley, Mawaƙin Da Ya Buga Faifai Da Guminsa

An haifi Bob Marley ran 6 ga Fabrairu, 1945, a ƙauyen Nine Mile cikin tsibirin Jamaika. Tun yana yaro ya koma Kingston, babban birnin ƙasar, ya zauna a Trench Town, unguwar talakawa. A nan ne shi da abokansa, Bunny da Peter Tosh, suka kafa ƙungiyar waƙa a 1963, wadda ake kira Wailers.

A wancan zamani mai ɗakin ɗaukar waƙa shi ne mai faifai. Sai ya ba mawaƙi 'yan kuɗi, riba kuwa ta zama tasa. A 1964 waƙarsu mai suna Simmer Down ta zo ta ɗaya a Jamaika, amma aljihunsu bai shaida ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Wannan abu ya dami Bob ƙwarai. A 1966, bayan ya auri Rita, sai ya tafi Jihar Delaware ta Amurka wurin mahaifiyarsa, ya yi wata da watanni yana ƙwadago yana tari. Da ya komo gida, suka buɗe ɗan kamfaninsu, Wail'n Soul'm, suka fitar da faifan garmaho na farko da ya zama mallakarsu, wato Bend Down Low. Aikin fa ba wasa ba ne. Su za su biya kuɗin ɗauka, su biya masana'antar da ke buga faifai, sannan su bi kantuna suna talla da kansu.

Faifan ya sami karɓuwa, amma jari ya yi kaɗan, ga shi an ɗaure Bunny a 1967. Ba a jima ba kamfanin ya durƙushe. Duk da haka Bob bai karaya ba. A 1970 suka sake kafa wani, Tuff Gong, wanda ya ɗore har bayan ransa. Sunansa ya game duniya, har ya yi waƙa a bikin 'yancin Zimbabuwe a 1980. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Miami ran 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

To, 'yan'uwana ɗalibai, mu lura. Baiwa kaɗai ba ta isa, sai mutum ya san hannun wa amfaninta ke shiga. Iyaye kuma, in yaro ya faɗi a gwajin farko, a taimaka masa ya miƙe.