Nana Asma'u 'Yar Shehu: Ta Ga Yunwa, Ta Ga Daula

A wannan fitowa ta bikin cikar shekarar ƙungiyarmu mun ware shafi guda don tarihin ɗaya daga cikin iyayenmu mata na da. Kwamiti ya zaɓi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ba don karatunta kaɗai ba, wannan kowa ya sani. Mun zaɓe ta ne saboda ta ɗanɗani abin da mu mutanen bakin kogin Haɗejiya muka sani sarai: shekara guda rumbu ya cika har a rasa inda za a zuba shinkafa, wata shekarar ruwa ya shanye gona tun daga Auyo har Guri, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022.

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793. 'Yan biyu ne, ita da ɗan'uwanta Hassan, mahaifiyarsu Maimuna. Gida ne na malamai, mata ma suna karatu kamar maza. An ruwaito cewa Shehu da tufka igiya yake neman abin kansa, kuma suturarsa ba ta wuce ƙidayar yatsun hannu ba, alhali almajirai suna tururuwa zuwa wurinsa daga ko'ina. A irin wannan gida ta buɗe ido.

Tana da shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804. Daga nan wahala ta kankama. An yi nasara a Tafkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi mummunar asara a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka kwanta dama. Jama'a ba gona, ba rumbu, ana ta ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, daga ƙasar Gobir zuwa Zamfara, daga can zuwa Gwandu. Ga yunwa, ga ciwo, dabbobi suna mutuwa. Ku duba 'ya'yanku mata masu shekara 11 ko 12, ku ƙiyasta yarinya irinsu tana tafe a ƙasa cikin wannan hali, kuma ba a bar littattafai a baya ba, an ɗauro su tare da sauran kaya. Duk wadda ta taɓa kwana a ajin firamare da 'ya'yanta saboda ambaliya ta san kaɗan daga cikin wannan.

Sai kuma al'amari ya juya. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka gina Sakkwato a 1809. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima ya zama Waziri, yayanta Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817. Dukiya ta riƙa shigowa daga ƙasashe, Kano da Katsina da Zazzau har da nan Haɗejiya. Baƙi na nesa a hannun mijinta suke sauka, har Baturen nan Kilafatin da ya zo daga Ingila a 1824.

A ganinmu nan ne jarrabawar ta fi tsanani. Haƙuri a lokacin babu, ai kusan dole ne, wa zai ba ka? Amma a samu a kame, wannan ba kowa ba. Tun kafin a gama yaƙi ma an fara ganin alama: baffanta Malam Abdullahi ya ga yadda waɗansu suka koma neman mulki da tara dukiya, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, daga baya ya komo. Ita Nana Asma'u ba ta bar gari ba. Ta zauna a tsakiyar daular, a gidan Waziri, ta ci gaba da abin da ta taso a kai. Littafinta Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta wajen 1820 tana ƙasa da shekara 30, kira ne zuwa ga halayen Annabi (SAW) da rashin ɗora zuciya a kan abin duniya. Daga baya ta tsara waƙa a kan mata salihai na tarihi, irin su Rabi'atul Adawiyya, don matan zamaninta su san su wa ya kamata a yi koyi da su.

Kada wata ta ɗauka wadatar zuci naɗe hannu ne. Wannan baiwar Allah ba ta zauna ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta raini 'ya'ya, ita da mijinta suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da na Bello kada su salwanta.

Babban aikinta da ya fi shafar mu shi ne 'Yan Taru. Ta lura matan ƙauye, musamman waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, ba su da hanyar karatu. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa kowace a matsayin jaji, da malafa da jan ƙyalle a kanta don a san ta. Jaji takan taho Sakkwato a ƙafa da 'yan mata da tsofaffi, su haddace darasi a cikin waƙa, su koma su koya wa matan auren da ba su samu fitowa ba. Ba su zuwa hannu rabbana: wannan ta riƙo hatsi, waccan zuma ko man shanu ko ɗan ƙyalle. Abin da aka tara kuwa ba ɗakinta yake shiga ya kwanta ba, raba shi ake yi ga mabukata da marasa lafiya. Idan muka duba da kyau, tsarin bai yi nisa da namu ba: shugabar rukuni, ɗan abin da kowa ta kawo, da amanar wadda aka damƙa wa.

A nan za mu ɗan taɓo kanmu, iyaye da yayye ku yi haƙuri. Shekarar da tattasai ya yi kuɗi, ko aka sayar da shinkafar da aka turara da riba mai kauri, mun san inda kuɗin waɗansunmu yake tafiya: anko, da gasar kayan ɗaki, har a ci bashin ƙungiya a ƙara. Damina ta zagayo da ambaliya, ranar zubi ta zo, a rasa na biya, 'yar'uwar da ke jiran layinta ta sayi injin niƙa ko ta sari bandar kifi ita ce za ta kwana a ciki. Shi ya sa muke ta nanata maganar asusun ko-ta-kwana a duk lokacin rabon riba.

Wani abin da ya burge mu: cikin waɗanda ta yi wa marsiyya ba sarakuna da malamai kaɗai ba ne. Akwai maƙwabciyarta Halima, mace kamar kowa, wadda ta yaba saboda kyawun hali da riƙon zumunci. Da wannan ma'auni take auna mutum.

Tana da alaƙa da garin nan ma, ko da yake ba ta daɗi ba ce. Ɗanta Abdulƙadir, wanda ya gaji mahaifinsa a Wazirci, shi aka turo kan rikicin Sarki Buhari na Haɗejiya, kuma bai ji da daɗi ba. Wato har cikin tsufanta, gidan daula bai hana ta zaman zullumi irin na kowace uwa ba.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, jajis suka ci gaba da zuwa da malafunsu har bayan shigowar Turawa Sakkwato a 1903. Allah ya jiƙanta da rahama.