Dennis Ritchie: Wanda ya aza harsashin sabobin duniya, ya rasu ba tare da hayaniya ba

A ranar 12 ga Oktoba, 2011, aka tsinci gawar Dennis Ritchie a gidansa da ke jihar New Jersey ta Amurka, mako guda bayan rasuwar Steve Jobs na kamfanin Apple. Duniya ta shagala da makokin Jobs, kaɗan ne suka lura da tafiyar Ritchie, alhali wayar Android da ke hannun matashi a Sabon Birni ko Isa tana tafiya ne a kan aikinsa.

An haife shi a 1941 a jihar New York. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, sannan ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs, mallakar kamfanin tarho na AT&T, a 1967. A 1969 shi da abokin aikinsa Ken Thompson suka fara gina Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

A wancan zamani, irin wannan manhaja a ɗaure take da na'urar da aka rubuta ta dominta. Ritchie ya ƙirƙiro harshen C, kuma a 1973 aka sake rubuta Unix da shi, abin da ya ba da damar kai ta wasu na'urori. A tsarinsu, faifan ajiya da firinta da sauran kayan haɗi duk ana mu'amala da su tamkar fayil, yayin da wata ƙaramar manhaja, wato direba, ke yin tafinta tsakaninsu da kwamfutar.

Siyasa ma ta taka rawa. Wata yarjejeniyar kotu ta 1956, wadda ta biyo bayan ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar kan babakere, ta taƙaita AT&T ga harkar sadarwa. Saboda haka ya bai wa jami'o'i Unix a farashi mai rahusa, ɗalibai suka karanta cikinta suka koya. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 da harshen C bisa tafarkin Unix, ita ce a yau ke tafiyar da ɗimbin sabobin intanet, kuma a kanta aka gina Android.

Ritchie da Thompson sun karɓi lambar yabo ta Turing a 1983. Ya yi ritaya a 2007. Da doka ba ta taka wa AT&T birki ba, da mai yiwuwa aikin nasa ya tsaya a bayan katangar kamfani guda.