Sardauna Ahmadu Bello: Ɗan Rabah da ya kawo masaƙun zamani Arewa

Duk wanda ya ratsa unguwar Kakuri da ke kudancin Kaduna a yau zai ga dogayen gine-gine masu tsatsar rufi, ciyawa ta cinye harabarsu, ƙofofinsu a garƙame. Nan ne a da jiniya ke tashin dubban ma'aikata, ƙarar injinan kaɗi da saƙa ba ta yankewa dare da rana. Mutumin da ya aza harsashin wannan harka shi ne Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa na farko kuma na ƙarshe. An fi tunawa da shi ta fuskar siyasa da addini da ilimi, amma akwai wani babi na rayuwarsa da ya shafi auduga da zare da tufafi, wanda ya cancanci a waiwaye shi.

Asali da ƙuruciya

An haifi Ahmadu a garin Rabah, kimanin mil 20 gabas da birnin Sakkwato, a shekarar 1910, ko da yake wasu marubuta na cewa 1909. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu, ya ci gaba da tasowa a hannun dangi.

Arewa da Rabah akwai Wurno, garin ribaɗin da Muhammadu Bello ya kafa wajen 1830, ya zauna a cikinsa, ya rasu a can a 1837, kuma a can hubbarensa yake. Wannan sarki bai tsaya ga yaƙi da rubuce-rubuce kaɗai ba. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauran masu sana'a, ya rarraba su cikin garuruwa domin jama'a su amfana. Zaman lafiyar da daular ta samar ya sa saƙa da rini suka bunƙasa, har Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma zauna a Wurno a 1853, ya ba da labarin yadda tufafin ƙasar Hausa ke kaiwa Tambutu da Gat da Tarabulus.

Ragowar wannan duniya ce Ahmadu ya buɗi ido ya gani. Mata su gurje auduga su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, su fitar da abawa da siririn zare. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna a gindin inuwa yana wurga ƙoshiya yana bugawa da masefi, ya fitar da ƙyalle mai faɗin 'yan yatsu. Maɗinki ya harhaɗa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya fito da ƙyallinsa. Riga ɗaya takan ci hannun mutane da yawa, kowa kuma yana samun abin kai wa bakin salati.

Daga Katsina zuwa Gusau

Bayan karatun allo a gida, an kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1926, inda ya kammala a 1931. Ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato shekara uku, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah, ya hau kujerar mahaifinsa yana da shekara 24 ko kusa da haka. A nan ya fara sanin halin da talaka manomi ke ciki, domin hakimi shi ke ƙidayar jama'a da karɓar haraji da jangali.

Da Sarkin Musulmi Hasan ya rasu a 1938, Ahmadu na cikin waɗanda suka nemi gadon sarauta, amma Allah Ya ba Abubakar na Uku. Aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya riƙa lura da gundumomin gabashin masarautar.

Gusau ta wancan lokaci cibiyar auduga ce. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda tun 1929. Ƙungiyar Turawan Ingila mai haɓaka noman auduga, wato BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, tana da injin gurza a garin, kamar yadda take da shi a Zariya da Funtuwa. An raba wa manoma irin auduga na Amurka mai dogon gashi, wanda ya fi dacewa da injinan Ingila. A kowace kaka sai a auna audugar talaka, a gurje, a ɗaure diloli, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko, jirgin ruwa ya kai Liverpool. Bayan watanni sai kantuna su cika da akoko da alawayyo da atamfa daga ƙetare, manomin nan ya saya da kuɗin da ya ninka abin da aka ba shi. Masaƙin gargajiya kuwa, wanda ke kwashe kwanaki a kan zane ɗaya, kasuwarsa na ta ja da baya. Shekara shida Sardauna ya yi yana kallon wannan ciniki.

Zaman Gusau bai ƙare masa lafiya ba. A 1943 aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Shari'ar ta ƙara fito da sunansa a tsakanin matasan Arewa masu ilimin zamani. A 1948 ya tafi Ingila nazarin mulkin ƙananan hukumomi, a 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa, a 1952 ya zama ministan ayyuka, sannan a 1954 ya zama Firimiya kuma shugaban jam'iyyar NPC.

Masaƙar Kaduna

Shekarar da ya hau mulki ita ce shekarar da aka mayar da hukumomin sayen amfanin gona hannun jihohi. Hukumar ta Arewa ita ke yanke farashin gyaɗa da auduga, ta saya a hannun manoma, ta sayar a kasuwar duniya, ta ajiye rarar. Ta haka maƙudan kuɗi suka shigo hannun gwamnatin Sardauna. 'Yan adawa, musamman na NEPU, sun sha kukan cewa ana tauye manomi, kuma kukan nasu na da tushe. Abin da za a yaba wa Sardauna shi ne wani kaso na wannan gumi ya koma gina abin da ido zai gani.

Tun kafin nan attajiran Kano sun haɗa jari sun kafa ƙaramar masaƙa a farkon shekarun 1950, amma babbar masaƙar da za ta ɗauki auduga tun daga dila har zuwa bandir ɗin yadi ba a taɓa yin ta a Najeriya ba. Gwamnatin Arewa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin David Whitehead and Sons na garin Rawtenstall da ke yankin Lancashire, cibiyar saƙar Ingila. Arewa ta kawo kuɗi ta hannun hukumar sayen amfanin gona da hukumar raya Jihar Arewa, Turawan suka kawo nasu jarin da injina da ƙwararru. A 1957 Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a Kakuri.

An zaɓi Kaduna ne saboda tana da kogi, tana kan mahaɗar layin dogo, ga ta kusa da gonakin auduga na Zariya da kudancin Katsina da Gusau. Abin da masaƙar ta fara fitarwa shi ne akoko, yadin talaka, wanda ake ɗinka taguwa da wando, ake kai wa marina, ake kuma yin likkafani da shi. Aikin da mata ke yi da bakan shiɓa da mazari ya koma hannun injina masu dubban mazarai da ke juyawa lokaci guda, ƙoshiya kuma ta koma kai da komo da ƙarfin lantarki.

Nasarar KTL ta jawo wasu. Nortex ta zo a 1962. Gamayyar kamfanonin Japan ta kafa Arewa Textiles, 'yan kasuwar Hong Kong kuma suka kafa United Nigerian Textiles a 1964, wadda ta shahara da buga atamfa. A tsakiyar shekarun 1960 Gusau ma ta samu tata masaƙar. Kakuri da Makera suka cika da matasa daga kowane lardi, Musulmi da Kirista, suna karɓa-karɓar aiki, suna aika wa iyaye kuɗi a ƙauye.

Inda gizo ke saƙar

Akwai rauni ɗaya a wannan gini tun daga tushe: kusan kowane inji da kayan gyaransa daga ƙetare ake kawo su. Tarihin saƙa a Ingila ya nuna muhimmancin wannan batu, musamman a ɓangaren saƙar safa da singileti, inda zare ke sarƙe kansa ido bayan ido kamar saƙar kwarashi. William Lee ya ƙirƙiro injin saƙar safa a 1589. Wajen 1759 Jedediah Strutt ya ƙera wani ƙarfe da ake ɗaura wa wannan inji, mai ɗauke da jeri na biyu na allurai, wanda ya ba shi damar yin saƙa mai miƙewa ta koma, irin ta bakin safa. A 1816 Marc Brunel ya jera allurai a da'ira, aka samu inji mai zagaye da ke fitar da yadi kamar buhu marar ɗinki. A tsakiyar ƙarni na 19 Matthew Townsend ya fito da allura mai ɗan marfi da ke buɗewa ya rufe da kansa, wadda ta sauƙaƙa aikin ta kuma ƙara masa sauri. Daga baya aka riƙa ƙera 'yan na'urorin da ake maƙala wa injin, wannan ta sauya launin zare a yi ratsi, waccan ta tsayar da aiki da zarar zare ya tsinke.

Yawancin waɗannan gyare-gyare sun fito ne daga hannun mutanen da ke zaune kusa da injin, da maƙeran da ke maƙwabtaka da masaƙa. Ƙasar da ke ƙera allurarta ita ke riƙe da linzamin masaƙarta. Gwamnatin Sardauna ta kama hanyar horar da ma'aikata: an buɗe makarantar koyon fasaha ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cibiyar binciken noma ta Samaru ta shiga ƙarƙashinta tana inganta irin auduga. Manufarsa ta sa 'yan Arewa a guraben aiki ta taimaka wajen samun masu sarrafa injina da masu gyara su. Matakin ƙera su ne ba a kai gare shi ba.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

A daren 15 ga Janairun 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka auka wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. An yi masa sutura a Kaduna. Bai cika shekara goma sha biyu yana Firimiya ba, kuma duk da dukiyar da ta ratsa ta hannunsa, shaidar da mutane suka yi masa ita ce bai tara abin duniya ba.

Masaƙun sun ci gaba da bunƙasa bayansa har zuwa farkon shekarun 1980, lokacin da harkar ke cikin waɗanda suka fi ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Daga 1986 al'amura suka juya. Shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar Naira, kayan gyara da sinadaran rini suka yi tsada, aka rushe hukumar sayen auduga, manoma suka rasa tabbataccen iri da farashi. Lantarki ya yi ƙaranci, man baƙi ya yi wuya, yadin fasa-ƙwauri da na Sin ya mamaye Kantin Kwari. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta, wanda aka sa ran zai samar da ƙarfen ƙera injina, bai kammalu ba. KTL ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, ma'aikata da yawa suka mutu suna jiran haƙƙoƙinsu.

A ƙasarsa ta haihuwa, Rabah da Wurno da Goronyo, noma ne har yanzu abin dogaro. Madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984 tana shayar da fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma galibin amfanin yana barin yankin ne ɗanye, kamar yadda diloli ke barin Gusau a zamanin da Sardauna ke can. Matasan da ke saƙa safa da rigunan sanyi na 'yan makaranta a biranenmu, da injinan waje suke yi, idan allura ta karye kuma sai an jira ta ƙetare.

Muhammadu Bello ya tara masu sana'a a garuruwansa, jikan ɗansa ya kawo injina Kakuri. Duk mai maganar farfaɗo da masaƙun Arewa a yau, akwai buƙatar ya haɗa da gonar auduga da wutar lantarki da maƙerar da za ta ƙera kayan gyara, in ba haka ba za a sake komawa gidan jiya.

Allah Ya jiƙan Gamji, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.