John Wilson, makahon da ya yaƙi makanta

An haifi John Wilson a Ingila a shekarar 1919. Yana ɗan shekara 12 ya makance, sakamakon wani hatsari a makaranta. Bai bar karatu ba, har ya gama jami'a.

A 1950 ya kafa ƙungiyar taimakon makafi, wadda a yau ake kira Sightsavers. Shi da matarsa Jean sun ziyarci ƙauyukan arewacin Gana. Can suka tarar da manya da yawa ba sa gani, yara ke yi musu jagora da sanda. Wani ɗan baƙin ƙuda na bakin kogi ke kawo cutar. Saboda tsoronsa, manoma suka gudu suka bar gonakinsu masu albarka.

Wilson ya yi ta faɗakar da duniya. A 1974 aka soma babban shirin yaƙi da cutar, a lokacin cibiyarsa tana Wagadugu. Jiragen sama suka riƙa fesa magani a koguna. Manoma suka koma gonakinsu, ƴaƴansu suka tashi da idanunsu.

Ya rasu a 1999.

Tambayoyi
1. Me ya kori manoma daga bakin kogi?
2. Ina cibiyar shirin take?