Mikhail Tsvet, Masanin da Ya Rarrabe Launukan Ganye

An haifi Mikhail Tsvet a garin Asti na ƙasar Italiya ranar 14 ga watan Mayu na shekarar 1872. Mahaifinsa ɗan Rasha ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Italiya, ta kuma rasu tun yana jariri. A Suwizalan ya tashi, a can kuma ya yi karatu har ya sami digirin digirgir a ilimin tsirrai daga Jami'ar Janeba a 1896. Da ya koma Rasha, hukuma ba ta amince da takardunsa ba, dole ya sake neman digiri a Jami'ar Kazan. Daga nan ya kama aiki a Jami'ar Waso, birnin da yake ƙarƙashin mulkin Rasha a wancan zamani.

Koren ganye shi ne abin da ya ɗauke hankalin Tsvet. Ido launi ɗaya yake gani, alhali launuka da dama ne suka cuɗanya, kuma raba su ba tare da sun lalace ba ya gagari masana. Dabarar da ya fito da ita mai sauƙin kayan aiki ce, amma tana bukatar natsuwa. Yakan sami siririn bututun gilashi ya toshe ƙasansa, ya riƙa zuba busasshen garin alli kaɗan-kaɗan yana dannawa, har ya cika dam. In aka bar rami ko tsaga, ruwa zai bi ta nan ya zarce, aiki ya ɓaci. Bayan haka sai ya tsiyaya ruwan ganye a sama, ya bi shi da wani ruwa da ake tacewa daga man fetur. Da yake wani launin ya fi wani kama allin, mai riƙo sosai yakan tsaya a sama, mai sakin jiki ya gangara ƙasa. Sannu a hankali sai ga zobba sun jeru, kore iri biyu da rawaya iri-iri. Daga ƙarshe ya turo allin waje, ya yanka kowane zobe daban da wuƙa.

Ya fara bayyana wannan hanya a Waso a 1903, bayan ya gwada abubuwa fiye da 100. A 1906 ya sa mata suna kuromatografi, wato rubutu da launi a harshen Girka. Abin sha'awa, sunansa ma launi yake nufi da Rashanci.

Duk da haka bai ci moriyar aikinsa ba. Manyan masana, ciki har da Richard Willstätter na Jamus, sun yi shakkar hanyar, littafinsa na 1910 kuma da Rashanci ya fito, 'yan kaɗan ne suka karanta shi a ƙasashen waje. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Waso a 1915, ya bar littattafansa a baya. Ya zama farfesa a Tartu a 1917, yaƙin ya sake tayar da shi zuwa Boronej, inda ya rasu ranar 26 ga Yuni, 1919, yana da shekara 47.

Sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka farfaɗo da dabarar a Jamus. A yau da ita ake tace magunguna, ake gwada abinci da ruwan sha a ɗakunan bincike na duniya.