Theodore Roosevelt: Farar Hular da Ya Sa wa 'Yan Sanda Ido

A wannan makon, mu 'yan ƙungiyar jarida mun zaɓo muku tarihin Theodore Roosevelt, shugaban Amurka na 26. Sai dai ba mulkinsa za mu fi tsayawa a kai ba. Shekara biyun da ya yi yana kula da 'yan sandan birnin Niyu Yok su ne suka ja hankalinmu, alhali bai taɓa sa kaki na ɗan sanda ba.

An haife shi a Niyu Yok ranar 27 ga Oktoba, 1858, a gidan masu hali. Yana yaro ciwon asma ya sa shi a gaba, amma ya dage da motsa jiki har ya yi ƙarfi. Ya gama Jami'ar Harvard a 1880, ya shiga siyasa. A ranar 14 ga Fabrairu, 1884, mahaifiyarsa da matarsa suka rasu a gida ɗaya. Sai ya koma yankin Dakota yana kiwon shanu na ɗan lokaci. Daga 1889 kuma ya yi shekara shida a hukumar ma'aikata ta tarayya, inda ya yi ta faɗa da ɗaukar aiki don sanayya.

A 1894 wani kwamitin majalisar jiha, wanda ake kira kwamitin Lexow, ya binciki 'yan sandan Niyu Yok, ya tono abin kunya. Gidajen caca da na karuwai da mashaya duk suna biyan toshiyar baki. Muƙami ma sayar da shi ake yi: wani jami'i ya amsa cewa dala 15,000 aka biya kafin ya zama kyaftin. To, wanda ya sayi kujera da irin wannan kuɗi, a jikin wa zai fanshe?

A watan Mayu na 1895 sabon magajin gari, William Strong, ya sa Roosevelt cikin hukumar fararen hula huɗu da ke iko da rundunar, biyu daga kowace babbar jam'iyya. Shi aka zaɓa shugabansu. Cikin makonni kaɗan babban shugaban 'yan sanda, Thomas Byrnes, ya ajiye aiki.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya ƙi dogara da rahoton da ake kawo masa ofis. Da tsakar dare sai ya fita da ƙafa, sau da yawa tare da abokinsa ɗan jarida Jacob Riis, yana bin tituna don ya ga ko masu sintiri suna bakin aiki. Wani ya same shi yana barci, wani yana hira, wani a ƙofar mashaya. Da safe sai a kira su hedikwata a titin Mulberry su yi bayani. Jaridu suka yi ta yayata labarin, shi ma kuma, a faɗi gaskiya, yana son a yayata.

Ta fannin ɗaukar aiki, ya tsaya a kan jarrabawa da gwajin lafiya, ba takardar ubangidan siyasa ba. An fara koya wa 'yan sanda harbi a tsare, aka kuma kafa rukunin masu sintiri a kan keke.

Amma ba ko'ina ya yi nasara ba. Ya ce lallai a bi dokar da ta hana sayar da giya ran Lahadi, domin da ita 'yan sanda ke tatsar masu mashaya. Ma'aikata, musamman 'yan asalin Jamus, suka fusata, tunda Lahadi ce kaɗai ranar hutunsu, kuma masu kuɗi suna shan tasu a kulob ba mai taɓa su. Jam'iyyarsa ta sha kaye a birnin a zaɓen Nuwamba na wannan shekara.

Babbar matsalar kuwa daga cikin gida ta fito. Doka ta ce ba a ƙara wa jami'i girma sai duka mutum huɗun sun yarda, ko uku tare da shugaban 'yan sanda. Da ɗayansu, Andrew Parker, ya ɓata da Roosevelt, sai ya haɗa kai da sabon shugaban, ya riƙa ƙin zuwa taro. Ƙarin girma ya tsaya cik watanni da yawa. A ganinmu laifin tsarin ya fi na Parker, don shi ya ba mutum ɗaya damar ɗaure hannun uku.

Roosevelt ya bar aikin a Afrilu 1897, ya zama mataimakin sakataren rundunar sojan ruwa. A 1901 aka rushe hukumar, aka damƙa rundunar ga kwamishina ɗaya. A shekarar ce kuma, bayan ya yi gwamnan jiha da mataimakin shugaban ƙasa, ya hau mulkin Amurka yana ɗan shekara 42, bayan an kashe Shugaba McKinley. Ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1906, ya sauka a 1909, ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1919.