MALAM ABDULLAHI NA GWANDU DA SHA'ANIN TARBIYYAR YARA

Galibin mutanen Jega da Aliero da Maiyama, da sauran garuruwan Ƙasar Gwandu, sun san Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a kan shi ne jarumin Tabkin Kwatto, kuma malamin tafsiri. Amma ba kowa ne ya san cewa daga cikin abin da ya bari akwai jagora ga iyaye da malamai game da halayen yara ba.

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. A wurin mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani, sa'an nan da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Watau ilminsa hawa-hawa ya zo, kowane mataki a hannun wanda ya san shi ciki da bai.

Ya bi Shehu yawon wa'azi a Zamfara da Kabi, ya kuma yi hijira tare da shi zuwa Gudu a 1804. A wannan shekara ce ya shugabanci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto, a 1805 kuma ya ci Birnin Kabi. Wajen 1807 ransa ya ɓaci saboda son duniya da ya ga ya shiga zukatan waɗansu mayaƙa, sai ya kama hanyar gabas da nufin zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kana ya komo gida. Da Shehu ya raba mulki a 1812, yamma ce ta faɗo hannunsa. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya zauna a Gwandu, inda daga baya ya sakar wa na ƙasa da shi yawancin harkokin mulki, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu.

Daga cikin littattafansa akwai Lubabul Madkhali, wanda a cikinsa ya taƙaita Madkhal na Ibnul Hajji, malamin nan mutumin Fas da ya rasu a Alƙahira a 1336. Shi Madkhal yana da babi musamman a kan malamin yara, kuma abu uku ne suka fi fitowa fili a ciki. Na farko, magabata a shekara bakwai suke sa yaro karatu, ba su gaggauta masa. Na biyu, ba a bambanta ɗan mai hali da ɗan talaka a gaban allo. Na uku, yara ba halinsu ɗaya ba, saboda haka horonsu ma ba zai zama ɗaya ba. Malami zai fara da mafi sauƙi, kamar nuna ɓacin rai a fuska, sa'an nan faɗa. Bulala ita ce ta ƙarshe, an kuma yi mata iyaka: uku, in ta matsa ƙwarai kada ta wuce goma. Wannan littafi ne Malam Abdullahi ya ga ya kamata a sauƙaƙa wa malaman ƙasarsa.

Abin lura shi ne, masanan halayyar ɗan Adam na zamani sun biyo ta wata hanya dabam, amma sun iso kusa da nan. Jean Piaget, mutumin Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya nuna cewa hankalin yaro mataki-mataki yake buɗewa. Wajen shekara bakwai ne yaro yake fara gane cewa ruwan da aka juye daga faffaɗan kwano zuwa dogon kofi bai ƙaru ba. Kafin nan, duka ba ya sa shi ya gane. Haka kuma a Amurka, likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bin rayuwar waɗansu jarirai tun daga 1956. Sun tarar akwai mai sauƙin hali, akwai mai wuyar sha'ani, akwai kuma mai jinkirin sabo da baƙon abu.

A yau likitoci sun ƙara sanin cewa akwai yaran da ba su iya zama wuri ɗaya ko tattara hankali, ba don taurin kai ba, sai don wata lalura da ta shafi aikin ƙwaƙwalwa. Irin wannan yaro shi ne ya fi shan bulala a makarantar allo da ta boko, alhali kuwa magana gajera, da aiki kaɗan-kaɗan, da yabo in ya yi daidai, da ganin likita, sun fi yi masa amfani. A nan binciken zamani ya wuce inda magabata suka tsaya, domin ya nuna duka yana ƙara lalata halin yaro ne. Amma tushen ɗaya ne: malami ya san yaron da ke gabansa tukuna.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, a can kuma hubbarensa yake. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, yanzu sunansa take amsawa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa iyaye da malamanmu su yi koyi da shi, amin.